Layin da Merv Ya Shimfiɗa

Shekara talatin da huɗu Lyle Brumpton ya yi yana ɗaga wa jiragen ƙasa tuta a tashar Wallangarra da ke kan iyakar jihohi biyu, inda siririn layin dogon Queensland ke ƙarewa, faffaɗan layin New South Wales ya ɗauka. Da ya yi ritaya sai ya tare a rumfar bayan gida, ya gina ɗan ƙaramin layin dogo a kan tebur, har da gada da tsaunuka. Abin alfaharinsa wani injin jirgin ƙasa ne na tagulla, bai fi tafin hannu ba. Da kansa ya ƙera shi, kamar wanda mahaifinsa ya tuƙa sak.

Ran nan ya jingina da teburin, sai ruguzum! Ashe gara ta cinye katakon tas, fenti kawai ya rage. Aikin shekara goma ya zube, ƙugun Lyle ya karye. Injin kaɗai ya tsira, don yana hannunsa.

Yana kwance asibiti, abokin tsokanarsa Merv Tuckey, mutumin garin Tenterfield da ke ƙetaren iyaka a New South Wales, ya karɓi makullin rumfar wurin Glenys, matar Lyle. Idon Merv ya fara mutuwa, amma wata uku cur bawan Allahn nan yana manna layi a kan sabon tebur da gilashin ƙara girma, a ɓoye.

Ranar da aka sallamo Lyle, Merv ya yaye zanen da ya rufe teburin yana washe baki.

"To gurgu, ɗora tsohuwar butar shayin nan taka mu gani."

Lyle ya ɗora injin a kan layin. Injin ya zurma tsakanin ƙarafan, ya kwanta a gefe. Ya sake gwadawa. Haka dai. Layin ya yi wa ƙafafun injin faɗi.

"Merv," ya ce a hankali, "layin garinku ka shimfiɗa mini."

Tabɗi! Merv da ɗan taragon wasansa mai faɗin layin New South Wales ya yi awo, ko a ransa bai kawo ba. Ya shafa layin da yatsa, fuskarsa ta yi fari fat.

"Ba zan iya wani ba, Lyle. Yanzu ko yatsuna da kyar nake gani."

Glenys ta dafe ƙirji. Ko dai a ɓamɓare aikin Merv na ƙarshe, ko injin ya zauna har abada bai motsa ba. Lyle ya daɗe yana kallon teburin, tausayi ya cika shi.

"Kai makaho," ya ce, "yaushe injin Baba ya taɓa wuce Wallangarra? Nan yake tsayawa, naku ya ɗauka."

Bai cire ko ƙusa ɗaya ba. Tasha ya gina a gefen teburin, da siririn layi kamu uku. Iyakar tafiyar injin ke nan, gaba da baya. Duk Asabar Merv kan zo ya kara kunnensa a jikin katakon, yana saurare.