Sanyin Gwaggo na Ranar Lahadi

Duk gidan hayar nan babu wanda ya taɓa ganin Gwaggo ta yar da leda. Wanke ta take yi, ta shanya a igiya kamar kayan jarirai, ta ninke ta tura ƙarƙashin katifa. Ganyen shayi, irin na 'yar jakar nan mai zare, sai ya yi mata kwana uku, kuma wallahi na rana ta ukun ruwan zafi ne kawai da aka nuna wa shayi daga nesa. In man goge baki ya ƙare, reza take sawa ta farke cikinsa ta ƙara sati. Silifas ɗinta kuwa an ɗinke, an liƙe, an buga masa ƙusa, har mai gyaran takalmi ya gaji ya ce, "Gwaggo, ki ji tsoron Allah ki sallami bawan Allahn nan. Ya yi aikinsa a duniya."

Ta ce, "Kai dai liƙe. Da bakinsa ya ce maka ya gaji?"

Kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. 'Yar siririya ce kamar tsinken tsintsiya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya yana aiki a wani gari. Ita kuma a gidan burodi take, shekara goma sha bakwai a bakin tanderu, tana zura faranti tana fiddowa. Girarta ta ƙone tun tuni ba ta sake fitowa ba. Hannuwanta duk zanen bakin faranti ne. Kwana shida a sati wuta na gasa burodi tana gasa Gwaggo, in ta dawo gida kuma rufin kwano ya ɗora daga inda tanderu ya tsaya.

To wannan matar, mai wanke leda, ita ce ta sayi esi, na'urar sanyaya ɗaki.

Wani shagon magani ne ya tashi, aka sa kayansa a kasuwa, har da tsohon esi irin wanda ake sawa a taga. Shekara biyu Gwaggo tana matse bakin aljihu saboda irin wannan ranar. Ta naɗe shi da bargo, aka turo shi a baro, da matan gida suka tambaya ta ce tsohon akwatin marigayi ne. Tagarta lungun baya take kallo, inda ba mai bi sai kaji. Ranar da gidan ya watse zuwa wani biki ta kira mai gyaran firji ya kafa shi. Ta tambaye shi yadda abin yake shan wuta. Da ya faɗa sai da ta zauna. Ta yi tunani, ta gane abin da za ta iya ba tare da ta taɓa kuɗin cefane ba: awa ɗaya a sati. Shi ke nan. Lahadi, ranar hutunta, daga ƙarfe biyu zuwa uku, lokacin da rana take tsakiyar rashin mutuncinta.

Kuma ba haka kawai take kunnawa ba, abin da tsarinsa. Ta yi wanka. Ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ta haɗa shayi da sabon ganye, sabo fil, da madara ta gaske cokali biyu a cike. Ta saita agogo mai ƙararrawa. Sannan ta ɗauko rigar sanyi mai kauri da safar ulu da ta saya a gwanjo musamman don wannan. Don ita Gwaggo ba wai zafi ya ragu take so ba. So take ta ji sanyi har ya dame ta. Ta zauna a kujerarta ɗaya tilo, ta riƙe kofi da hannu biyu, tana ɗan karkarwa tana cewa, "Kai, yau ana sanyi," ita kaɗai, kamar wata matar attajiri. Agogo na kaɗawa ta kashe. Ko minti ɗaya ba ta taɓa ƙarawa ba.

Wata biyar tana wannan sha'ani ba wanda ya sani. Tsabta ce ta tona mata asiri. Ana cikin zafin da ko ƙadangare ba ya fitowa, sai ga rigar sanyi da safar ulu a igiyar tsakar gida. Matar direba, wadda ɗakinta ke jikin na Gwaggo, kuma wadda in allura ta faɗi a gidan sai ta san ta waye, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Gwaggo, zazzaɓi kike yi ba ki faɗa ba?"

"Ɗan sama-sama," in ji Gwaggo, don ta kashe maganar.

Ai kuwa ta ɗauko wa kanta. Lahadi ƙarfe biyu da kwata sai ga ƙwanƙwasa, wai an zo duba mara lafiya. Gwaggo ta yi lamo. Aka ci gaba da bugu, har matar direba ta fara kiran a zo a ɓalle ƙofa, ko tsohuwa ta sume. Dole ta buɗe. Sanyi ya fito ya wanka wa matar direba mari a fuska. Ta buɗe baki, ta kalli Gwaggo cikin rigar sanyi, ta kalli taga.

"Lallai Gwaggo! Mu muna can muna narkewa kamar kitse, ke kina nan ƙasar waje?"

Ba ta jira an ce bismillah ba ta shige ta baje a ƙasa.

Lahadi ta gaba su huɗu ne. Matar direba ta zo da Maman 'yan biyu, ita kuma ta zo da 'yan biyun da tiren wake za ta tsince. Ta gaba kuma aka ƙaru da Amarya, matar mai shagon waya, da cikinta wata bakwai da kumburarrun ƙafafu. Kowa da dalilinsa. Wannan ta zo gaisuwa. Waccan ta zo tambayar yadda ake kwaɓa fulawa. Mutanen da shekara da shekaru ba su taɓa leƙo ta ba, yanzu duk sun tuna tsohuwa ce mai buƙatar kulawa, amma daga biyu zuwa uku kawai.

Sai ga babbar baƙuwa, Hajiya mai gidan hayar da kanta. Mace ce Allah ya yi mata jiki, in ta shigo ƙofa haske ɗaukewa yake yi. Ta dubi esi, ta dubi Gwaggo, ta ce, "Ashe tagar tawa aka cire. To ni dai ban ce komai ba." Ta zauna a kujerar Gwaggo, kujerar ta yi kuka. Ta miƙa hannu ta ɗauki kofin shayin nan mai madara cokali biyu. "Nawa ne wannan? Allah ya yi albarka."

Me Gwaggo za ta ce? Ita a rayuwarta ba ta taɓa korar baƙo ba, kuma ba za ta fara da mai gidan da za ta iya cewa a mayar mata da tagarta gobe ba.

Mutum goma sha ɗaya a ɗaki ɗaya. 'Yan biyu su fita fitsari su bar ƙofa a buɗe, su dawo su sake bari. Kowa na huci, kowa na surutu, ana gulmar wadda ba ta samu zuwa ba. Tsohon esi ya yi ta gurnani kamar motar da ta ɗauki kaya fiye da ƙarfinta, sanyi ko ɗis. Gwaggo tana tsugune a lungu kusa da bokiti, gumi na bin bayanta a cikin rigar sanyi, har ta haƙura ta cire. Agogo ya kaɗa, ta tashi ta kashe, ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya: "Haba Gwaggo! Yanzu fa ya fara kamawa!"

Ta gwada dabaru. Ta ce ya lalace. Matar direba ta ce, "Ikon Allah, to me na ji yana ƙugi ta bango?" Ta mayar da shi ƙarfe goma na safe, kafin ta gama toshe ƙofa an yi sallama. Ta yi zuciya ta ƙi kunnawa Lahadi biyu a jere. Suka zo suka zauna suna fifita suna kallonta kamar ta ci amanarsu, kuma a ƙarshe wa ya yi asara? Ita.

Litinin ɗin da ta biyo baya Gwaggo ta ƙona burodi faranti guda. Shekara goma sha bakwai ba ta taɓa ba. Mai gidan burodin ya tsaya yana kallon gawayin, ya ce, "Gwaggo, ko jikin ne ya fara? In aikin ya yi miki nauyi ki faɗa." Maganar ta soke ta. Ita ta san ba tsufa ba ne. Da can in wuta ta dake ta, cewa take a ranta, saura kwana huɗu, saura kwana uku. Yanzu babu abin da take jira. Sati ya zama tanderu ɗaya dogo mara ƙofa.

Ranar ce aka aike ta ɗauko bota a firji. Ta buɗe, sanyi ya daki fuskarta, ta tsaya da botar a hannu tana kallon cikin firjin. Ɗan wuri kaɗan. Ga sanyi kamar me. Kuma ba mai iya shiga ya tsince wake.

Da ta tashi aiki ba ta wuce gida ba, wajen kafinta ta nufa, da wasu katakai da ake ɗora buhunan fulawa a kai waɗanda aka yar, ta roƙa aka ba ta. Ta ja shi har ɗaki ta nuna masa tsohon kabad ɗin kayanta.

"Ka cire bayansa. Ka ƙara masa zurfi da katakan nan. Ka tura shi jikin taga, esi ya zama yana ciki."

Kafinta ya cire fensir daga bayan kunne ya mayar. "Kayan ne za su sha sanyi?"

"Ni ce kayan."

"Gwaggo, firji zan yi miki ko makara?"

"Ka ga, ni ba surutu na kira ka ba. Ƙofa ɗaya za ka bari, ɗayar ka kashe ta da ƙusa."

"Faɗin ƙofar fa?"

Gwaggo ta miƙe tsaye ta manne hannuwa a jiki. "Auna ni."

Ya auna yana dariya har tef ɗin na rawa. Ya huda ramuka a sama, ya ce don kar a wayi gari a ce shi ya kashe ta. Ya kafa mata ɗan benci a ciki da 'yar kanta ta ajiye kofi.

Lahadi tun biyu saura ɗaki ya cika. Gwaggo ta tarbe su da fara'ar da ba su taɓa gani ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta ba Hajiya kujera da hannunta. Biyu na cika ta zura rigar sanyi, ta sa safa, ta ɗauki shayinta, ta buɗe kabad.

"Ku yi hirarku, ɗaki naku ne. Ni zan ɗan shiga ciki."

Ta shige ta ja ƙofa. Esi ya tashi. Aka bi kabad da kallo.

Maman 'yan biyu ce ta fara magana. "Wai a kabad ta shiga?"

"Gwaggo!" matar direba ta buga katakon. "Wannan ai wulaƙanci ne!"

Daga ciki murya ta fito, har da ɗan rawar sanyi a cikinta. "Wa na kora? Wuri ne kaɗan, 'yar nan. Amma duk mai so bismillah, in na fito."

Hajiya ta miƙe. "A gidana? Fito in gani."

Gwaggo ta fito da ladabi ta ba ta hanya. Hajiya ta sa kafaɗa ɗaya. Ta juya ta gwada ta gefe. Ta ja numfashi ta matse ciki ta tura, sai ga ta tsaf a tsakiya, ba shiga ba fita, rabin jikinta na shan sanyi rabi na gumi. Kabad ya fara rangaji.

"Ku ja ni! Ku ja ni mana, kun tsaya kuna kallona!"

Mutum uku suka kama hannu, suka ja, Hajiya ta fito fit kamar murfin kwalba, ɗankwali a ƙasa. Amarya ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye, tana cewa a taimake ta kar ta haihu a nan. Hajiya ta ɗauki ɗankwalinta ta fice ba sallama. Maganar taga kuwa ba ta sake tayar da ita ba, don ta san duk ranar da ta tayar sai an sake ba da labarin kabad daga farko.

Kafin wata ya ƙare, don haushi, Hajiya ta sa aka kafa mata sabon esi dal a falonta, babba, mai rimot. Yanzu duk gidan can ake zuwa gaisuwa, kuma ba Lahadi kaɗai ba. An ce har waken Maman 'yan biyu ya koma can.

Ita kuwa Gwaggo sai ta tarar kabad minti biyar yake ɗauka ya zama ƙanƙara, rabin awa ma ya ishe ta haƙora su fara haɗuwa. Sai ta raba awar biyu, rabi Lahadi, rabi Laraba in ta dawo daga aiki. Wuta ɗaya, daɗi biyu. Mutum ɗaya kawai take ɗaga wa ƙafa, Amarya. Cikin ba ya shiga ƙofar, don haka kujera take ja ta zauna a waje ta zura kumburarrun ƙafafun ciki na minti goma, bisa sharaɗin ba za ta ce uffan ba.

Satin da ya wuce Gwaggo ta sake kai silifas ɗin nan wajen mai gyara. Ya ɗaga shi da yatsa biyu ya ce, "Gwaggo, na ji an ce kin shiga gwanjo jiya. Na ce alhamdulillahi, yau bawan Allah zai huta."

"Na shiga."

"To ina sabon takalmin?"

"Wane takalmi? Safar hannu na saya. Yatsuna ke ƙagewa in na riƙe kofi. Kai dai liƙe."