Matar da ta Warke a Tashar Gwarzo

Shekarar da hawan jini ya kama Inna, ni nake raka ta asibiti a Gwarzo, don gidana ya fi kusa. Likita ya ce kada ta yi fashin ƙwayarta. Ba ta taɓa yi ba, sai ranar da muka tarar da mai magani a tasha, da lasifika a saman mota.

Mutumin ya iya baki. Ya ce ganye Allah ne ya halicce shi, ƙwaya kuwa wa ya san asalinta? Ya ce duk ɗan da ya wuce bai saya wa tsohuwarsa ba, ya je shi da hakkin nono. Ya ce kwalaben sun kusa ƙarewa, alhali ina hango kwalaye jibge a bayan kujera. Can wata mata mai koren mayafi ta fito daga cikin taro, ta ce jiri ya sha kayar da ita a bakin murhu, amma kwalba ɗaya ta sha ta miƙe. Har da hawaye.

Inna ta saya. Ƙwayar asibiti ta jefa a kwano ta rufe.

Na ce, "Inna, likita fa ya ce..."

"Likitan ya taɓa yin jiri? Ke tunda kika yi sakandare ba kya yarda da kowa."

Ranar da ta fara sha ta yi barci mai daɗi, ta ce aikin kwalba ne. An yi ruwa ranar, gari ya yi sanyi, har awaki sun yi barci. Ban faɗa ba. Na dai ƙara tsawon sujada, don na ga ta fara dafa bango in za ta tashi.

Ana nan ƙanwata ta haihu a Kabo, muka tafi suna. Muna sauka daga mota sai ga lasifikar nan, ga koren mayafin nan. Yau gyambon ciki ta warke daga shi. Hawayen dai ba su canza ba.

Na kalli Inna. Ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah, cuta ta yi mata yawa."

Ita Inna ba ta wuce marar lafiya ba ta gaishe shi ba. Ta kutsa cikin taro, ta riƙo hannun matar.

"Sannu 'yar nan. Ya gida, ya yara? Ya jirin?"

"Wane jiri, Hajiya?"

"Na bakin murhu."

"Ai ni ban taɓa..." Sai ta kalli mai maganin. Shi kuma ya ƙara wa lasifika murya.

Inna ta ce, "To, Allah ya ƙara sauƙi," ta sake mata hannu a hankali.

Muka ƙarasa gidan suna. Ta ɗauki jariri, ta ci waina, ta yaba miya. Sai da muka dawo, tana cire mayafi, ta ce, "Ke, kwanon nan fa, ina kika kai min shi?"

Na kawo mata da ruwa. Ta haɗiye ƙwayar tana ɓata fuska.

Kwalbar ta wanke ta zuba man gyaɗa. Matar kuwa har yau tana cikin addu'ar Inna, a jerin marasa lafiya. Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce wanda ya warke a Gwarzo ya sake warkewa a Kabo ai yana buƙatar addu'a.