Ƙwaryar furar da na ƙi sha a Tajaye

Mun tashi daga Birnin Ƙonni ana idar da sallar asuba, ni da wani tsohon abokina da ya daɗe yana jan manyan motoci kafin gwiwa ta zaunar da shi. Motarsa muka shiga, wata tsohuwar a-kori-kura mai tari kamar mai ita. Niyyarmu mu biya Malbaza mu ɗauki siminti, mu kai wa yayata a wani ƙauye bayan Tajaye, don daminar bana ta kayar mata da bangon ɗaki.

Masu bibiyar rubutuna sun san ina fama da ciwon suga, irin wanda ke kama mutum da girma, ana lallaɓa shi da ƙwaya da kiyaye baki. A danginmu yayata ce kaɗai ba ta sani ba, ni kuma na hana a gaya mata. Ƙanenmu Idi a hannunta ya yi jinya har ya rasu, da wani gyambo a ƙafa da ya ƙi warkewa. Lokacin ina Kumasi, amma labari ya iske ni cewa mutanen gari sun ce sammu ne, har wasu suka riƙa tambayar wa ke dafa masa abinci. Sai da nawa ciwon ya bayyana, na ba likita labarin ƙishirwar Idi da yawan fitsarinsa da ramewarsa, ya ce da wuya in ba ciwonmu ɗaya ba ne. Na yi shiru da maganar don kada Yaya ta riƙa kallona tana ganin Idi. Zancen sammu kuwa na ɗauka ya daɗe da mutuwa.

Ciwon nan ya mayar da ni mai zargi. Na ci abinci a Tamanraset da Abijan da Makka ban taɓa tambayar me aka sa ba, yanzu ko ruwa aka miƙo mini sai na sansana. Tun a bakin tasha na fara. Na haɗiye ƙwayata ta safe, muka tsaya wurin mai koko da ƙosai, ta rantse ba ta sa suga a tukunya sai in mutum ya nema. Na dubi ƙudan da suka yi cincirindo a bakin ludayinta, na ce a raina ƙuda ba ya zuwa biki sai da gayya. Ƙosai biyu na ci na sha ruwa. Uwargida ta ƙulla mini gyaɗa da ƴan dabino saboda ko suga zai faɗi a hanya, na damƙa wa abokina ya riƙe, don ni kaina ban yarda da kaina ba in dabino na aljihuna. Shi ma ban yarda da shi ba. Na ga uwargida ta ja shi gefe kafin mu fito, na tabbata ɗan rahoto aka haɗa ni da shi.

Hanyar Malbaza kwalta ce, amma manyan motocin siminti sun tauna ta, gefenta duk ya zama haƙora. Gero ya riga ya shiga rumbu, gonaki sai kara da shanu suna kiwo. A shingen jandarma aka dubi takardunmu, aka dubi furfurarmu, aka ce mu wuce. Tun daga nesa ake hango izinin siminti, wato masana'antar da ta riƙe garin, itatuwan da ke kusa da ita duk sun yi fari-fari. Albasa kuwa buhu-buhu a bakin titi, mai sayarwa zai gaya maka kuɗinta da sefa, in ka yamutsa fuska ya juya maka da naira, ko za ta fi daɗin ji.

Mai shagon simintin ɗan wani amininmu ne, ya karɓe mu da girmamawa. Nan da nan aka kawo shinkafa da miya da kwalaben lemo masu raɓa. Na juya kwalbar ina karanta bayanta. An rubuta da Faransanci da Larabci da Ingilishi, harsunan nan uku duk ina ɗan taɓawa, kuma duk bakinsu ɗaya: suga ne da ruwa. Na ce masa na ƙoshi. A Abijan in ka ce likita ya sa maka doka, sai a ɗauke kwano a kawo maka ganye, magana ta ƙare. A ƙasar Hausa in ka ce ka ƙoshi, sai a ƙara maka miya. Abokina ya cinye nasa ya cinye nawa, wai don kada yaron ya ji kunya.

Muna ɗaure buhuna sai ga mai maganin gargajiya da lasifika a kan babur, yana shelar wani gari mai ɗaci da ke kashe ciwon suga har saiwarsa. Garin nan kuma shi ne na basir, shi ne na ciwon baya. Irinsa na gani a Kumasi cikin farar riga, na gani a Agadas da rawani, muryar ce dai ɗaya. Na ce masa in ya warkar da mutum guda ya kawo mini shi mu gaisa.

Muka koma mararrabar da muka wuce da safe muka kama hanyar Tawa. Rana ta take, ƙasa ta fara yin ja, duwatsu suka yawaita. A Tajaye muka yi azahar. Garin ya yi shiru, samari da yawa sun tafi cin rani, sai tsofaffi da mata da jakuna. Wata mata na sayar da kwaɗon zogale, wanda shi ne abincina a gida, amma na san akwai masu barbaɗa masa suga don ya ja ciniki, sai na wuce ta. Wasu makiyaya masu jin Tamajak suka kira mu shayi a gindin bagaruwa. Na gaishe su da harshensu, suka yi murna, ni kuwa idona na kan hannun mai dafawa, yana zuba suga kamar mai binne iri. Shayinsu zagaye uku ne, kowane ya fi na baya zaƙi, wanda kuma ya karɓi na farko ya ɗauki alkawarin sauran. Na yi musu ƙaryar ciwon haƙori. Na nemi gyaɗata wurin abokina, ya shafa aljihu, ya ce ai tun kafin Malbaza ta ƙare, har da dabinon. Ɗan rahoton ke nan.

Daga nan hanyar rairayi ce, motar na nishi da nauyin siminti. Gab da la'asar muka isa. Abokina ya tsaya waje da mazan da ke sauke buhuna, ni na shiga cikin gida.

Yaya ta tsufa, amma muryarta na nan. Duk duniya Alhaji ake ce mini, ita kaɗai ke kirana Tanko. Ta shimfiɗa tabarma, maƙwabta mata suka shigo gaisuwa suka zauna a bakin rumbu. Sai ta fito da ƙwarya sabuwa, fura da nonon shanu, ta kwance wani ƙulli a bakin zanenta ta juye suga a gabana, don in ga ba a yi mini rowa ba. A ƙauyenmu haka ake yi. Furar gida gaya ake sha, sugan na baƙo ne mai daraja. Ta dama, ta cika ludayi ta kurɓa tukuna, sannan ta turo mini. Al'ada ce mai ba da fura ya fara ɗanɗanawa, amma na lura ta daɗe da ludayin a baki, idonta a kaina.

Na kai ludayin leɓe na ajiye. Na tambayi amfanin gona, na tambayi jikoki. Ƙwarya na nan yadda take. Matan bakin rumbu suka rage hira.

A lokacin ne na fara jin hannuna na rawa, wani gumi mai sanyi na tsattsafo mini a wuya. Har a nan zargi bai sake ni ba, na ce ko ɗan abin da ya taɓa leɓena ne ya tayar da suga. Na ce zan kama ruwa, na zaga bayan rumbu, na fito da abin awona, na tsaga yatsa na ɗiga jini. Lambar da ta fito ta yi ƙasa, ƙasa da inda likita ya ce in ji tsoro. Na sha ƙwaya da asuba, na wuni ina gudun abinci, ƙwayar ta yi ta aikinta a cikin ciki wayam.

Na ɗago kai, sai ga Yaya tsaye, ƙwarya a hannunta.

"Mi ka gani?" in ji ta. "Ƙarhen naka ya ce akwai wani abu cikin hurata?"

"Yaya, ba haka ba ne."

"Na sha gabanka, Tanko. Gaban mutane na sha. Kai ma ka ji abin da sunka ce lokacin Idi, shi ya sa ka taho da abin gwaji tun daga birni. To huta, awaki ba su da ƙarhe, su za su shanye."

Ta juya za ta juye a kwatarniyar awaki. Ban san lokacin da na riƙe bakin zanenta ba, dattijo da ni, a durƙushe.

"Don Allah ba ni furar nan. Yanzu nake bukatarta."

"Ɗazu guba ce, yanzu ta zama magani?"

"Ɗazu ni ne wawa. Ba ni, idona na rufewa."

Ta dubi gumin da ke fuskata, ta dubi hannuna. Sai ta tsuguna ta tallafe mini ƙeya ta kafa mini ƙwaryar a baki, kamar yadda take yi ina yaro. Na sha sosai. Na zauna jingine da rumbu har rawar ta lafa, duniya ta dawo daidai. Na sake awo, lamba ta hau.

A nan na gaya mata komai. Na ce jinina nake aunawa, ba furarta ba. Na ce ciwon suga gare ni, yana sa ƙishirwa da yawan fitsari, in ya yi yawa yana hana rauni warkewa, kuma yana bin dangi. Na gaya mata abin da likita ya ce game da Idi.

Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa. Sannan ta ce, "Randar ruwa guda yake shanyewa kahin gari ya waye. Tururuwa na bin inda ya yi hitsari. Na hwaɗa ma mutane, sunka ce aikin sammu ke nan." Ta share ido da gefen mayafi. "Kana da wagga magana cikin bakinka, ka bar ni ina kai abinci gidan suna ana maido mini da shi ba a taɓa ba?"

Ban san haka take zaune ba.

"Tashi," ta ce. "In ƙahwarka ta ɗauke ka, taho ka hwaɗa musu. Da ƙarhi, Alhajin birni, yadda kake yi ma mutane wa'azi cikin waya."

Haka na fito gaban matan nan na maimaita, da abin awo a hannuna. Wata tsohuwa ta ce ita ma mijinta na tashi fitsari ba iyaka, na ce a kai shi asibitin Ilela a auna shi, kada a saya masa garin mai lasifika. Wasu sun gamsu, wasu na ga alama sai a hankali. Amma da Yaya ta sake damo wata furar, ba suga wannan karon, ta ajiye a tsakiya, wadda ta fi kowa yin shiru ɗazu ita ta fara miƙa hannu ga ludayi. Yaya ba ta ɗanɗana ba kafin ta ajiye.

Mun kwana biyu ana gyaran bango. Ta riƙa yi mini wake da zogale, tuwon gero ɗan daidai da miyar kuka mai yawa, tana tsaye a kaina sai na ci a kan lokaci. Ta yarda na auna ta ita ma, nata ya fito lafiya, ta ce dama ita ba ta ci abincin ƙasashe ba. Duk da haka na sa ta yi alkawarin zuwa awo asibiti.

Muka dawo Ƙonni da yamma, motar ta yi sauƙi tana tsalle a ramuka. Ban kai ga cire takalmi ba uwargida ta riga ta san komai, har da durƙuson da abokina ya jiyo a bakin Yaya, wato zargina a kan abokina shi kaɗai ne ya tabbata a duk tafiyar.

Na koyi cewa mai shan ƙwayar suga ba ya wuni da yunwa, kuma dabinonsa a aljihunsa ya kamata ya zauna. Na kuma koyi cewa a ƙasarmu ba a ƙin ƙwaryar mutum a yi shiru, don shi zai nemo wa kansa dalili, kuma wanda zai nemo ya fi gaskiyar muni. Yanzu duk gidan da na sauka, tun kafin a kwance ƙullin suga nake faɗin ciwona. Yaya kuwa ta aiko mini da dawon fura a makon jiya, da saƙo a bakin direba: wai in auna, in ƙarfen ya yarda in sha.