Jariri Ɗaya, Alkawari Biyu

Ko yau in na ji ƙaurin babbakar kan rago, sai ranar sunan ƙanena ta faɗo mini, can ƙauyenmu kusa da Sae Sabuwa, ana tsakiyar yankan gero.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, bai iya cewa a'a ba. Tun innarmu na da ciki ya yi wa tsohuwarsa alkawari, in namiji ne za a mayar da sunan marigayi mijinta, Hamidu. Can kuma ya je rugar surukinsa, mahaifin innarmu, aka ba shi saniyar tatsa saboda mai jego. Daɗi ya kwashe shi, ya ce ai yaro sunan suruki zai ci, Amadu. Ka ji fa! Ya dawo ya ja bakinsa, yana ta roƙon Allah a haifi mace.

Namiji ya zo. Da safiyar suna, an shimfiɗa tabarmi, goro na yawo, sai asiri ya tonu. Kakata ta ci ɗamara, ta ce in dai tana numfashi ba mai binne sunan mijinta. Kakan namu na ruga bai ɗaga murya ba, kuma shi ya fi ban tsoro. Cewa ya yi a kwance masa saniyarsa, 'yarsa kuma ta goyo ɗanta ta biyo shi. Innarmu na ɗaki, kunya ta hana ta ko ambaton sunayen nan biyu. Ni kuwa na je na tsaya bakin ɗakinta, don na san in ta tafi ba da mu za a tafi ba.

Tsohon limaminmu ya kira su zaure. Ya share rairayi da tafinsa, ya zana baƙaƙe uku: ha, mim, dal. Ya ce wannan ita ce saiwar sunayen, ma'anarta yabo da godiya, kuma kamar ƙwayar gero guda ce da ta fid da kara da yawa. Hamidu mai yabon Allah. Amadu wanda ya fi cancantar yabo. Mahamudu abin yabo. Hamdalar da muke yi bayan tuwo ma daga nan ta tsiro.

Kakata ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce, "To malam, wanne ne babbansu?"

"Mahamadu," in ji shi. "Mijinki na ciki, surukinki na ciki. Akwai mai ja da sunan Manzon Allah?"

Aka ɗauki salati. Kakan ya sunkuya ya daɗe yana duban rairayin, ko da yake bai iya karatu ba, sannan ya jingine sandarsa ya karɓi goro. Wallahi sai lokacin na ji yunwa. Babanmu kuwa zufa har gemu.

Har suka bar duniya, kakata na kiran yaron maigidana, kakan na kiransa takwara, kowa ya tabbata shi ya ci.

Yanzu a waya ake zaɓo wa yara suna, in ka tambayi ma'ana a yi maka dariya. Bara na ba innarmu labarin nan muna raha, sai na ga ita ba ta dara ba. Ta ce ran nan ta riga ta ɗaure kayanta ta tura ƙarƙashin gado, har da rigata guda, don ta riƙa jin ƙamshina. Ba ta kwance ƙunshin ba sai da ta ji sanƙira ya faɗi sunan.