Muciyar Dona Cesaltina

Duk wanda ya taɓa cin tuwon rogo a bakin kasuwarmu ta Dundo ya san Dona Cesaltina, in bai san fuskarta ba ya san muciyarta. Yatsu uku ne a hannunta na dama, nakiya ta cinye biyu a gona tun zamanin yaƙi. 'Ya'ya huɗu ta haifa, yaƙin bai bar mata ko ɗaya ba. Garejina na jikin rumfarta. Shekara ashirin ina cin tuwonta da zaginta, har yau ban san wanda ya fi ƙosar da ni ba.

Ana nan sai Kabeya, wani mai gyaran takalma, ya ƙetaro daga Kwango, ba takarda, ba yaren Fotugis a bakinsa ko na roƙon ruwa. Lokacin kuwa masu kaki na kamen baƙi. A jibgi mutum, a jefa shi a mota, a zubar da shi a hayin kogi, in ya kai da rai.

Dona Cesaltina ta dube shi sama da ƙasa, ta ce da guntun yarensu da ta iya, "Kai mai kunnen jemage, daga yau ni na haife ka. Ce minha mãe, wato uwata."

Ya faɗa, bai yi daidai ba. Ƙwas! Muciya a gwiwa.

Wata biyu tana ɗora masa dangi: meu pai, ubana, sunansa Anselmo, ya rasu; kawu yana Saurimo; ƙanwa ta yi aure. Ni aka naɗa yayansa. Na ce, "Mama, dubi hancina ki dubi nasa."

Ta ce, "Ubanku ba ɗaya ba ne, kuma naka ne mummunan."

Wata Talata da hantsi motar masu kaki ta tsaya. Aka finciko Kabeya daga kan bencinsa, wani kofur ya sa masa gindin bindiga a goshi, jini ya rufe masa ido.

"Wane ne ubanka?"

Bawan Allah ya miƙe ƙyam ya fara karatu. Uba, uwa, kawu, ƙanwa, har da ni, duk ya jero, da wanda aka tambaya da wanda ba a tambaya ba.

Kofur ya yi dariya. "Ɗan gida ba ya baza danginsa kamar kayan talla. Ku loda shi!"

Sai ga Dona Cesaltina da muciya, tuwo na ɗiga. Na zaci roƙo za ta yi. Ina! Ta ratsa tsakiyarsu ta sauke wa Kabeya ita a baki, haƙori ya yi tsalle ya faɗa cikin kwata.

"Ɗan banza! Shekara goma sha biyar ka bi mace Kwango, ubanka ya mutu ba ka zo ba, ka dawo mini da harshe a karkace!"

Ta ƙara masa a haƙarƙari, a gadon baya, a kunne. Yana birgima a ƙasa yana ihu, "Mãe! Mãe!" Wannan karon ko malamin makaranta ba zai yi masa gyara ba.

Kofur ya ce, "Tsohuwa, za ki kashe shi!"

"Ni na haifi abina! Matsa, ɗana, ku ba ku iya duka ba."

Sai da mutum biyu suka riƙe ta, ɗayansu ya samu rabonsa a wuyan hannu. Kofur ya tofar da yawu. "Ku bar shi, uwarsa ce. Tawa ma haka take."

Motar ta tashi da mutum tara waɗanda ba wanda ya fito ya dake su.

Ƙura na lafawa ta zube a ƙasa. Ta haɗa ruwan gishiri tana wanke masa baki tana kuka, tana kiransa Domingos, sunan autanta.

Bara ta rasu. A bakin kabari dattawa suka tambaya ko akwai ɗa da zai fara zuba ƙasa. Kabeya ya matso da wawulonsa ya ce, "Minha mãe." Aka ba shi hanya. Ni ma, yayansa, na bi bayansa.