Tokar Isaka a garkar Rabi

Isaka Mai Darma ba mugu ba ne, duk garin Buza an shaida. Hannunsa ne a sake, kuma kyautar tasa ce ta jawo masifa.

Sana'arsa tun yana saurayi fasa tsofaffin batiran mota, ya narka darmar ciki ya sayar. Toka da dattin murhu kan taru a bayan rumfarsa. To, wane manomi ne a ƙasar Adar zai ga toka ya bar ta ta tafi a banza? Ai taki ce. Sai ya riƙa ɗura ta a buhu yana kai wa yayarsa Rabi, wadda mijinta ya rasu ya bar mata garka a fadama, da ita take ci da marayu. Autarta Rufaida kuwa takan ɗare saman buhunan a amalanke, tana ihun murna har garka, ta sauka fari fat. Shi kuma gogan naka sai dariya.

Ana nan yarinya ta fara ciwon ciki, sai suma. Bakin nan nata mai zuba ya yi nauyi. A gidan likita aka ce darma ce a jininta. Da aka auna ƙasar garka, ita ma haka. Isaka ya zauna daɓas a ƙasa.

Wata ma'aikaciyar gidan gona, Madam Sakina, ta zo da dashen ciyawar jema da wani gari baƙi. Ta ce fumfuna ce mai zama a saiwa: ciyawa na ciyar da ita, ita kuma tana taimaka wa ciyawa ta jure dafin darmar, ta damƙe shi. In jema ta girma a tumɓuke ta har saiwa a kai nesa, a sake dasa wata. Kar dabba ta ci, kar a yi jinka da ita.

"Har yaushe, Madam?" in ji Isaka.

"Shekaru, Malam."

Ya rufe rumfa, ya koma garka. Shi ne ban ruwa, shi ne korar awaki. Masu albasa na tsokanarsa, wai ga mai noman abin da ko jaki ba ya ci. Shi dai sai aikinsa. Abin da ke cinsa shi ne Rabi ba ta taɓa zaginsa ba. Wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi! Ga ta tana surfe a gidajen mutane, amma kullum sai ta aiko masa da fura.

Wata rana ta kawo furar da kanta, Rufaida na riƙe da zanenta. Yarinya ta girma, amma an cire ta daga lakwal, karatu ba ya zama. Ta daɗe tana kallonsa kafin maganar ta fito.

"Kawu, yaushe za ka kawo toka in hau amalanke?"

Rabi ta kau da kai. Isaka ya ajiye ƙwaryar, bai sha ba.