Ba Mai Zuwa Dubiyar Yaya

Da ciwon Yaya ya tashi, ni ƙanwarta na ɗauko ta daga Affala na kawo ta asibiti a Tawa. Iyayenmu sun rasu, mijinta kuwa ya ce shi bai auri aljanu ba. A lokacin sashen masu taɓin hankali can ƙurya yake, ƙofa da kwaɗo, taga da ƙarfe. Dangi ba magani suke kai mutum nema ba, ajiya suke kai shi. Ni dai na shimfiɗa tabarmata a bakin ƙofa.

Ihunta bai taɓa cina kamar la'asar ba. Da la'asar ta yi, sai sauran sassan su cika da ƴan dubiya da kwanonin fura, ana sannu, ana ya mai jiki. Mu ko kare ba ya leƙowa. Ƴan garinmu in sun gan ni a kasuwa su tambayi gajiya, su tambayi rana, har awakina sai sun tambaya, su tsallake Yaya kamar rami. Wai nauyina suke ji. Nauyin banza! Kaɗaici ya ci ni, amma ita ya fi ci. Duk ranar da hankalinta ya dawo tambayarta ɗaya ce, wa ya zo? In ce duk suna gaishe ta. Ta san ƙarya nake.

Yanzu wurin ya canza. An cire kwaɗon, ba a cika kwantarwa ba. Mutum ya ga likita, ya karɓi maganinsa na wata, ya koma gida. Yaya ta samu sauƙi, muna zaune tare a Tawa, har ƙosai take soyawa. Shekaru dai sun shuɗe ba wanda ya zauna kan tabarmarta ya ce mata ya jiki.

Bara ɗan kabu-kabu ya kayar da ita a hanyar karɓo magani, ƙafa ta karye. Zo ka ga jama'a, har daga Affala, da fura da kaji. Kowa ya ce ya jiki, tana amsawa da sauƙi, fuskarta kamar ranar salla.

Da aka watse ina kwashe kwanoni, sai ta kira ni.

"Ke, me mai ɗorin nan ya ce?"

"Ya ce ƙashin ya kusa kamawa, Yaya."

Ta daɗe tana shafa karan ɗorin.

"Ki ce masa ni ba sauri nake ba."